Eriya Mai Jiyo Nesa

A shagonta na Nairobi, Akoth ta ajiye wa Gathogo na'urorin kama waifai guda biyu, ƙarama kamar farce da wata mai doguwar eriya.

"Ɗauki ƙaramar, Baba Nyokabi. Wannan ƙahon ai akuya zai mai da kwamfutarka."

"Wacce ta fi jiyo nesa?"

"Akuyar mana."

Ita ya saya. Tun rabuwarsu da matarsa yake haya a benen da ke kallon tsohon gidansu. Ya jona eriyar a bakin taga. Ba intanet yake nema ba, tuni matar ta canza lambar sirri. Ya bi sunayen waifai na maƙwabta da yatsa. Can ƙasa, ga wanda 'yarsu Nyokabi ta raɗa wa na tsohon gidan: "Gidan Baba Nyokabi."

Ba a goge shi ba tukuna.