Ruwan Bagaruwa Kafin Yaye

Saura kwana ashirin a yaye Gana, uwarsa Hamsatu ta gane cewa jan da ke bakin surukarta ba na fure ba ne kaɗai.

A wani ƙauye ne gabas da Tofa, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, gidan wasu Barebari da suka daɗe da zama har yarensu ya bar bakin 'ya'yansu. Iya Falta, uwar mijin Hamsatu, mace ce mai son ado. Tun tana budurwa ba ta rabo da goro da furen taba, haƙoranta jawur, matan unguwa har sha'awarsu suke yi. Da zazzaɓi ya kwantar da ita a ƙarshen damina, Hamsatu ce ta yi jinyarta. Kwana uku tsohuwar ba ta sa goro a baka ba, balle fure, amma duk sanda Hamsatu ta ɗauki kaskon da take tofar da yawu za ta zubar, sai ta ga jini. Da ta matso za ta ba ta kunu, ta ga dasashin ya kumbura ya janye daga jikin haƙora, ga wani wari da goro ya daɗe yana rufewa.

A gidan nan kaka ce ke yaye. Ranar da aka sa, za a kai yaro ɗakinta, ya kwana a can ya tashi a can har ya manta da nono. Kuma Iya ba ta yarda da kunu kaɗai ba. Nama, gurjiya, gyaɗa, duk sai ta tauna ta sa wa yaro a baki. Bara ita ta yaye Sama'ilu, ɗan wan mijin Hamsatu. Yaron ya fito da baki a kumbure, wata biyu yana dalalar da yawu, ko tuwo ba ya iya ci. Aka ce haƙori ne, wasu suka ce iska. Hamsatu ma haka ta ɗauka a lokacin. Yanzu kuwa ta tsaya riƙe da kasko, tana haɗa wannan da wancan.

Gana ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira, balle a ji ta tana nuna damuwa a kansa. Duk da haka ta sami mijinta Madu yana gyaran jinkar rumbu, ta faɗa masa abin da ta gani.

Madu bai sauko ba. Ya ce, "To, ke za ki gaya wa Iya bakinta yana ciwo, ko ni?"

"Cewa na yi a bar yaron nan da kunu."

"Ni ma ita ta tauna mini. Dubi haƙorana." Ya leƙo ya yashe mata su. "Kuma kada a ji kina wannan magana a kan ɗan fari. Miƙo mini igiyar can."

Ta miƙa masa.

Washegari a bakin rijiya ta tari Maijidda, matar majemin garin, wadda ake zuwa wurinta idan baki ya yi ƙuraje. Ta ce mata dasashinta ne ke jini.

Maijidda ta kama haɓarta ta leƙa. "Wannan bakin? Ya fi nawa lafiya. Wa kike rufa wa asiri?"

Hamsatu ta ci gaba da naɗe igiyar guga.

"To, ban tambaya ba. Busasshiyar bagaruwa, ki cire 'ya'yan ki daka, cikin hannu ɗaya. Sassaƙen marke kamar tsawon yatsa biyu. Ki tafasa a ludayi huɗu na ruwa har ya koma uku. A kurkure safe da yamma, kada a haɗiye. Abin da ke hana fatar akuya ruɓewa a wurin maigidana ke nan, dasashi ma ai fata ne. A yi asuwaki da reshen marke, a hankali. Fure kuwa a ajiye shi."

Da hantsi Hamsatu ta shiga ɗakin Iya da ƙoƙo a hannu, ta durƙusa. Iya ta warware, tana zaune kan tabarma Gana na hawa bayanta.

"Iya, shayarwar nan ta taɓa mini dasashi. An ba ni magani, ban san ko na haɗa daidai ba."

Abin da Iya ta fi so a duniya shi ne a kawo mata abu ta gyara. Ta karɓa, ta cika baki, ta juya shi dama da hagu, ta tofar.

"Wannan ai wankin tukunya ne. Ina baurin? Yaran yanzu ko bagaruwa ba ku iya jiƙawa ba." Ta waiwayi Gana. "Ka ga irin surukar da ka haɗa ni da ita, angona?"

Da yamma Hamsatu ta kawo wani, ta zabga bagaruwa. Iya ta kurkure ta yamutsa fuska, ta ce wannan ko jaki aka ba sai ya yi ƙara wurin alƙali. Washegari marken ne ya yi yawa. Rana ta uku ya huce da yawa. Kullum sau biyu Hamsatu na ɓata haɗin ta wata sabuwar hanya, kullum Iya na cika baki ta gyara mata. Hamsatu ta feƙe asuwakin marke guda biyu ta ce ba ta san wanda ya fi taushi ba, Iya ta gwada duka. Furen ne ya gagara, sai da Hamsatu ta ce ita dai in ta ci fure ba ta jin baurin maganin. Iya ta dube ta ta daɗe. Amma daga ranar ɗan ƙoƙon furen ya koma saman randa.

Hamsatu ce ke zubar da kaskon, don haka ita ke ganin yadda ake ciki. A kwana na takwas jinin ya ragu. A na sha biyar sai ɗan ɗigo. Warin ma ya yi sauƙi. Amma can ciki ta hagu, wajen turamen haƙora, kumburin yana nan, kuma da safe akan ga ruwa fari-fari a cikin yawun. Ta ƙirga kwanakin da suka rage a yatsunta. Ba za su isa ba.

Ranar Alhamis, ana gobe yaye, an karɓo rubutu daga wurin malam, an surfa geron kunu. Madu ya shigo gaida uwarsa, ya tarar da Hamsatu durƙushe da ƙoƙonta. Iya ta kurkure ta tofar, ta daɗe tana kallon cikin kaskon.

"Madu, ba za a yaye mijina gobe ba."

"Iya, an riga an gaya wa mutane."

"Sai a sake gaya musu. Na duba shi, ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. A bari watan gobe ya tsaya."

Gana kuwa yana tsakar gida yana bin kaza da gudu. Madu ya dube shi, ya dubi uwarsa, ya ce to, ya fita.

Iya ta tura ƙoƙon gaban Hamsatu. "Cikin hannu ɗaya na bagaruwa, marke yatsa biyu, ruwa ludayi huɗu ya koma uku. Tun kafin a haifi Maijidda na san wannan. Daga yau ki kawo shi daidai, na gaji da wasa da bakina."

Hamsatu ta sunkuyar da kai.

"In wata ya tsaya bai warke ba, ki kawo mini ɗan turmin nan na daka yaji, ki wanke shi tas. Ban taɓa ciyar da jika da turmi ba, za a yi mini dariya. A yi." Ta gyara zama. "Kuma ki daina kai wa ɗana irin wannan magana. Namiji ne, bai san komai ba."

Hamsatu ta ce, "To, Iya," ta ɗauki kasko da ƙoƙo ta fita.

Matan gida suka yi ta ƙananan maganganu, wai amaryar Madu ta kasa rabuwa da ɗan fari har ta sa tsohuwa ta ɗaga rana. Hamsatu ta wuce abinta. Ta zubar da kaskon a bayan danga, ta wanke shi da toka, ta ɗora tukunya. Kafin ruwan ya tafasa Gana ya zo ya faɗa cinyarta yana jan zane. Ta juya wa mutane baya ta ba shi. Ya kama da haƙora kamar yadda ya saba kwanan nan, ta ɗan ja numfashi, ta sa yatsa ta gyara masa baki, ɗaya hannun tana iza wuta.