Ƙafar Yaya Ya'u da Baƙin Gari

Sunana Nazifi. Aikina wanke kwalabe ne a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Doka. A aji shida na firamare na tsaya, don haka duk abin da zan faɗa a kan ƙwayoyin cuta daga bakin Dakta Harira na ji shi, shugabar wurin.

Yayana Ya'u ɗan dako ne. Ƙusa ta soke shi a gindin babban yatsan ƙafa tun kafin azumi, ya yi abin da kowa ke yi a wajenmu. Ya sayi kafso ja da rawaya, ya ɓare, ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya ɗaure da tsumma. Da bai warke ba ya canza launin kafso. Wani direba ya ce masa man birki, ya zuba.

Bayan wata uku ɗakinsa na Unguwar Kanawa ba ya shiguwa. Wari ne irin na naman da ya kwana uku a leda, da wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa mai maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ruwan da ke tsatsowa daga tsumman kore ne. Matarsa Hasiya ta koma cin abinci a tsakar gida, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Na roƙi Dakta, ta ba ni tsinke mai auduga a kai, na dangwalo ruwan ciwon na kai mata. Bayan kwana biyu ta kira ni ta nuna mini wani farantin gilashi. Abin ya tofo ya rufe shi, kore, mai yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta lalace. A kai akwai 'yan takardu farare, kowace da maganinta, duk cutar ta haye su sai guda ɗaya.

"Ka ga aikin kafson nan," in ji ta. "Bai kashe ƙwayoyin cutar ba, juriya ya koya musu. Wannan ɗaya ce kawai ta ɗan ture su, allura ce, sai an kwantar da mutum ake yin ta."

A gefe akwai ɗan rami da aka ɗiga wani baƙin abu a ciki. Kewayensa fes, faɗin murfin kwalbar lemo, babu abin da ya tsiro.

"Wannan fa, Dakta?"

"Kobalt ne, wani irin ƙarfe. Muna sarrafa shi da ruwan ganyen dogonyaro har ya zama baƙin gari mai ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, dubu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Fasa jikin ƙwayar cutar suke yi."

"To ai shi ke nan, alhamdulillahi."

"A faranti ne, Nazifi. Ko a jikin ɓera ba mu gwada ba. Abin da ya fasa cuta yana iya cin naman mutum. Ku kai shi asibiti, in ba haka ba ƙafar ce za ta tafi."

Kuskurena shi ne na kwashe labarin duka na faɗa wa Yaya. Bai ji komai ba sai baƙin gari.

"Asibiti? Wurin mahautan nan? Gari ne ko? To kawo mini."

"Yaya, ta ce ba a gwada ba."

"Man birki wa ya gwada shi? Kai da kake wanke musu kwano, lakatowa ma ta gagare ka? Ko so kake ka ga ɗan dako da ƙafa ɗaya, malam likitan soso?"

Ban iya musu da shi ba, shi ya riƙe ni tun muna Funtuwa. Washegari cikin kwalaben wanki na sami ɗaya da abin ya bushe a gindinta. Na kankare shi da tsinke, na ƙunshe a takarda kamar asara, tabar shaƙa.

Bayan la'asar na shiga ɗakin. Tsumman ya manne, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi ya saki, ya taho da fata. Rabona da kallon ciwon a haske mako biyu ke nan. Garin kafso ya taru hawa-hawa, rawaya a kan fari, ya yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya, mugunya na fitowa ta tsagar. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara. A ƙarƙashin ɓawon na ga wasu fararen tsutsotsi biyu suna motsi.

"Barbaɗa mana," in ji Yaya. "Me kake jira?"

Takardar na buɗe a hannuna. Sai na ga ni ma wani hawa zan ƙara a kan ƙazantar nan, kamar direban man birki, har gara shi, ba wanda ya gargaɗe shi. Na fita da gudu na yi amai a bakin kwata. Na kurkure baki, na dawo.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan zuba ba."

"Ɗan banza matsoraci, ba ni nan!"

Ya yunƙura zai ƙwace, ya manta ya taka ƙafar. Ƙarar da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ya zube a tabarma yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba. Na sa takardar a aljihu, na durƙusa, Hasiya ta taya ni ɗora shi a baya. Yana zagina har bakin titi, ruwan na ɗiga a wandona, amma bai ce in sauke shi ba. Mai keke na farko ya toshe hanci ya wuce, na biyu ya tsaya ya kai mu asibiti.

Da safe na mayar wa Dakta takardar, na faɗi abin da na yi. Ta yi mini faɗan da har yanzu ina jin kunyarsa, sannan ta aika sakamakon farantin asibitin don su san allurar da za su yi.

Sun cire yatsu biyu, sun kankare ruɓaɓɓen naman, ƙafar ta tsira. Makon jiya ya fara takawa da sanda. Har yanzu ba ya yi mini magana. Ranar wankin ciwo Hasiya yake aikowa ta kira ni, ni kuma in zo in kai shi.