Yadda Gashin Duna Yake Kwanciya

Malam Nuraddeen ya shekara ashirin yana koyar da zane a wata sakandare a Abuja, amma bai taɓa zana kare ba, balle ya shafa shi. A gidan da ya tashi ba a ajiye kare. Ko Duna, baƙin karen maƙwabciyarsu a Durumi, Mama Magdalena mai tukwane, daga nesa yake kallonsa, ya tattare riga idan ya gifta.

Wata ranar Lahadi matarsa Lantana tana shanya a bayan gida, sai kububuwa ta fito daga ƙarƙashin tarin bulo, taku biyu tsakaninta da ƙafarta. Duna ne ya ratso ta ɓular katanga ya far wa macijiyar. Ya kashe ta, amma ta sare shi a leɓe. Kafin la'asar ya mutu.

Duk abin da suka kai wa Mama na godiya ta ƙi karɓa. Ta ce kare ya yi aikinsa ne. Ta kuma ce ran Asabar za ta koma ƙauyensu Ushafa, don babu sauran mai kore mata awaki daga tukwane, kuma gidan ya yi mata shiru.

Malam ya rasa abin da zai yi, sai ya tuna da allonsa guda da ya rage, ya ƙudura zai zana mata Duna a kai. Shi yake haɗa irin waɗannan allunan da kansa: ya shafe katako da farar ƙasa da gam, ta bushe, ya rufe ta da baƙar tawada. Da tsinin allura ake kankare baƙin, fari ya bayyana. Hasken da ke kan abu kawai ake fitarwa, duhun yana nan tun farko. Haɗa sabon allo sai mako biyu, shi kuwa kwana shida gare shi.

Ya karɓi wani hoton Duna mai dishi-dishi daga wayar Mama, ya duƙufa kullum bayan an tashi makaranta. Ran Laraba ya kira ta ta gani. Ta daɗe tana kallo.

"Ticha, kunne ya yi. Ido ma ya yi," in ji ta. "Amma wannan gashi, jinka ka yi masa? Duk ya sauka ƙasa kamar ciyawar rufin ɗaki."

Lantana ta juya baya tana dariya. Malam ya ce ai haka ya gani a hoto. Mama ta tambaye shi ko ya taɓa ɗora hannu a kan kare, ya ce a'a. Ta ce to shi ya sa.

Ana iya sake rufe allon da tawada, amma sau ɗaya tak, don farar ƙasar ta riga ta yi siriri. Idan ya sake kuskure, allura za ta kai katako. Ya bayyana mata haka. Ta fita, ta dawo da curin yumɓu a leda. Ta zauna a tabarma ta mulmula shi, cikin ɗan lokaci sai ga kan kare. Ta zaro tsinken tsintsiya, irin wanda take yi wa tukwane ado da shi, ta fara ja. Daga hanci gashin yana tafiya baya, ya rabu biyu a goshi, ya kewaye ido, ya karkata a kumatu. A bayan kunnen hagu ta yi wata 'yar murɗa.

"Nan yake so a sosa masa," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina sosa wurin."

Malam ya sa yatsa ya bi layukan a kan ɗanyen yumɓun, a hankali, har sau uku. Sannan ya rufe allon da tawada. Da ya bushe ya ɗauki allura, kan yumɓun yana gabansa, ya riƙa bin gashin ɗaya bayan ɗaya, yana sassauta hannu a inda ƙasar ta yi siriri. Murɗar nan ita ya bari ƙarshe.

Da safiyar Asabar ana loda tukwane a mota ya kawo hoton. Mama ta goge hannunta a zani ta karɓa. Yatsanta ya tafi kai tsaye bayan kunnen hagu. Malam ya buɗe baki zai ce ba a taɓa allon, yana ɓaci, sai ya fasa.

"Shi ne," ta ce. "Na gode, Ticha."

"Mu ne da godiya, Mama. Kin ga Lantana a tsaye da ƙafarta."

Ya miƙa mata kan yumɓun, ta ce ya riƙe, ya nuna wa 'yan makarantarsa kada su ma su yi jinka. Amma Lantana ta riga shi karɓa. Ta kai shi bayan gida, ta ɗora a kan katanga, daidai saman ɓular.