Jan Katin Babarbare

Duk mai cewa alƙalancin ƙwallo ya lalace a ƙasar nan, ya zo ya riƙe usur na yini guda a Damagaram. In ya koma gida da rigarsa a jiki, sai mu zauna mu yi magana. Ni Nomau na daɗe ina ɗaga tuta a gefen fili. An jefe ni da ɓawon rake, an jefe ni da takalmi, har mai takalmin ya biyo ni bayan an tashi wai in mayar masa da abinsa. Saboda haka in na ce Abdulmumin alƙali ne, to alƙali ne.

Babarbare ne ɗan Birni, dogo, mai zane a kumatu, malamin lekol, wato makaranta, a sauran ranakun mako. Ko goro ba ya karɓa. Ya yi shekaru yana busa a rukuni na biyu, burinsa ɗaya a duniya: a ɗaga shi zuwa rukuni na ɗaya kafin shekarunsa su haura ƙa'ida, kuma sun kusa. A wannan kakar hukuma ta aiko komiser daga Yamai, wata Madam Safiya, ta kalle shi a wasan Dakusa da Guna. In ta ce ya yi, ya hau. In ta ce bai yi ba, shi ke nan, ba wata damar.

To ga inda gizo ke saƙar. Kyaftin ɗin Dakusa, Suma'ila, Bafulatani ne. Kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: zagi halas ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Su biyun kuwa sun daɗe suna yi. Ba su taɓa haɗuwa an gaisa gaisuwar mutunci ba, kuma a duk garin ban san mutum biyu da ke jin daɗin ganin juna kamarsu ba.

A ɗakin sauya kaya na ce wa alƙali Abdulmumin, "Arbit, yau fa akwai ido. Ja wa mutuminka kunne."

Ya ce, "In roƙi Bafulatani ya yi shiru? Ai na ba shi labarin da zai shekara yana bayarwa a kasuwa."

Aka take wasa. Rabin farko kam sai son barka. Ya hana wata ƙwallo da hannu ya taɓa, ya ba da fenariti inda ya dace, har 'yan kallo suka rasa abin zagi suka koma kaina. Kati ɗaya ya ɗaga. Wani ɗan bayan Guna, Bashir, ya watsa hannu ya ce, "Haba Arbit, ba ka gani ne?" Abdulmumin ya ba shi rawaya. Na saci kallon Madam Safiya a rumfa, na ga ta gyaɗa kai. Na ce a raina, Allah ya sa mu gama haka.

Bayan an dawo hutu aka kwashe ƙafar Suma'ila a bakin da'ira, ko dai ya kwashe kansa, don ni ma da nake kusa ban rantse ba. Abdulmumin ya ce a ci gaba. Ƙwallo na fita waje Suma'ila ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya taho yana dariya, ya buɗe murya yadda har masu sayar da ƙanƙara a bayan raga suka ji:

"Kai makahon Barebari! Da aka yi maka zanen nan, wuƙar ta shiga ido ne? Bawan Fulani, wa ya ba ka usur?"

Filin ya ɗauki dariya, har 'yan Guna. Ban da Bashir. Ya taho a guje ya tsaya gaban Abdulmumin.

"Ni na ce ba ka gani, ka ba ni karton. Shi ya ce maka makaho, ya ce maka bawa. To muna kallo."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Doka ta ce zagin alƙali jan kati ne, ba ta ce ban da Bafulatani ba. Amma in Abdulmumin ya ɗaure fuska ya ɗaga katin nan, kafin magariba duk Birni ta ji cewa Babarbare ya yi fushi da abokin wasansa a bainar jama'a. Kuma Suma'ila zai ɗauka da gaske ne. Na ga hannun Abdulmumin ya tafi aljihu ya tsaya. Ya dubi rumfa, ya dubi Suma'ila.

Sai ya yi murmushi, shi ma ya ɗaga murya.

"Wanda ya tashi a gindin saniya me ya sani a ƙwallo? Tafi, shanunka na ta kuka a daji!"

Ya zaro jan kati ya ɗaga sama.

Ban taɓa jin shewa irin ta ranar ba. Suma'ila ya riƙe ciki don dariya, ya sara masa kamar soja, ya fita yana ɗaga wa mutane hannu. Ba jifa, ba rigima. Aka tashi ɗaya da ɗaya, kowa na cewa yau an ga alƙali.

Madam Safiya ta same mu a ɗaki muna cire takalma. Mace ce mai fara'a, abin da ya sa maganar ta fi zafi.

Ta ce, "Mushe Abdulmumin, kartonka daidai ne. Wasanka duka daidai ne. Amma ka zagi ɗan wasa a gaban jama'a."

Na yi caraf na ce, "Madam, ai wasa ne na gado."

"Na sani. Ni Bazabarma ce, in na haɗu da Buzu sai an raba mu. Ni ma na yi dariya a rumfa. Amma a rukuni na ɗaya akwai 'yan wasa baƙi, akwai talabijin. Ba zan iya sa hannu ba."

Da ta fita na juya kansa da masifa. Na ce da ka ɗaga katin ka yi shiru, da yanzu muna shirin Yamai.

Ya ce, "Na san haka tun hannuna na aljihu, Nomau."

Ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa. Na ji tausayinsa.

Sunayen waɗanda aka ɗaga suka fito, babu nasa. Ya koma lekol da filayen rairayi.

Wata la'asar muna shan shayi a ƙofar gidansu a Birni, sai ga Suma'ila a kan babur. Ashe labari ya kai Dakusa. Fuskar Abdulmumin ta washe, ya gyara zama, na san har ya tanadi amsa. Suma'ila ya sauka, ya cire hula, ya rusuna.

"Ina wuni, Malam Abdulmumin. Ya iyali?"

Abdulmumin ya dube shi. Ya ce, "Wa ka bar wa shanun?"

"Suna lafiya, Malam. Na ji abin da na jawo maka. Don Allah ka yafe mini, ba za ka ƙara jin irin wannan a bakina ba."

Ko shayin bai sha ba. Ya mayar da hula, ya hau babur ya tafi. Abdulmumin ya bi shi da kallo, kofi a hannu. Ko ranar da sunaye suka fito ban ga fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Nomau, don Allah bi shi. Ce masa ya dawo ya zage ni."

Na tashi da gudu cikin rairayi ina ƙwala masa kira, amma babur ɗin ya riga ya sha kwana.