Muryar Sa'adiya a Shafin Aji

Shekara goma sha ɗaya Abdulhafiz ya yi yana koyar da Ingilishi a wata kolejin gwamnati a Malanville, kuma kowace shekara damuwarsa ɗaya ce. Yara su cika takarda da rubutu mai kyau, amma da ya ce wani ya tashi ya faɗi jimla biyu da baki, sai aji ya yi tsit. Bai ga laifinsu ba. A gida Dandanci ne ko Hausa, a lakkol, wato makaranta, Faransanci, Ingilishi kuwa 'yan awoyi ne a mako, ga su saba'in da huɗu a ɗaki ɗaya. Ko minti ɗaiɗai ya ba su, lokaci zai ƙare bai kai bencin baya ba.

A babban hutu aka tura shi Parakou ƙaro sani na kwana biyar. A can aka nuna musu wani shafi na intanet: malami ya rubuta tambaya, ɗalibi ya ɗauki muryarsa da salula ya aika, kuma malamin kaɗai ke ji. Da aka koma lakkol ya gwada shi da 'yan ajin ƙarshe, masu jarrabawa a watan Yuni. Ya ƙirga salulolin da za a iya ara a gidajensu, ya raba yaran rukuni-rukuni. Kowace Laraba yakan sa tambaya ɗaya. Me ka ci jiya? Kwatanta mana hanyar gidanku zuwa kasuwa. Ya kuma saita shafin ya riƙa aika wa duk wanda bai amsa ba saƙon tuni ranar Asabar.

Akwai yarinya a benci na biyar, jikin taga, Halimatussa'adiya, ana ce mata Sa'adiya. 'Yar Alhaji Maigandi ce, dillalin albasa da kakanninsa suka daɗe a garin. Tana da i'ina mai tsanani. Shekara uku Abdulhafiz yana koyar da ita, kuma tun ranar da ta maƙale a kan kalma ɗaya a ajin farko har yara suka yi dariya, bai ƙara kiran sunanta ta yi magana ba. Yana ganin tausayi ne yake mata.

Amsarta ta farko ta shigo ranar Alhamis bayan la'asar. Yana zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa ya sa abin ji a kunne. Murya ce siririya, a natse, tana ba da labarin shinkafa da miyar kifi, minti ɗaya da rabi babu tuntuɓe ko ɗaya. Ya duba sunan ya sake dubawa.

Washegari da aka tashi ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ke kika yi wannan da kanki?"

Ta ɗaga kai alamar e. Ƙawarta Ummul-Khairi, wadda suke benci ɗaya, ita ta yi bayani a madadinta, tana ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakkol a can.

"Mushe, sau ashirin da wani abu tay yi shi. In ta maƙale sai ta goge ta sake. Kuma in ita ɗai ta, ba kowa kusa, ba ta cika maƙalewa ba."

Daga nan Sa'adiya ba ta taɓa fashi ba. Da salular mahaifiyarta Kulu take yi, a bayan rumbun albasa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Wani lokaci ana jin kukan kaji a bayan muryarta, wani lokaci ƙarar manyan motoci. Abdulhafiz yakan mayar mata da amsa shi ma da murya, ya gyara mata lafazi, ya ce ta ƙara tsawo. A aji kuwa tana nan yadda take, kanta a ƙasa.

Cikin watan Disamba Alhaji Maigandi ya zo lakkol da kansa. Dogon mutum ne, ba ya son zama in ya zo magana.

"Mushe, mi kake koya ma ɗiyata? Kullum tana bayan rumbu tana magana ita ɗai kamar mai iskoki. Maƙwabta sun fara tambaya."

Abdulhafiz ya yi masa bayani, ya ce jarrabawar tana da ɓangaren magana da baki, ya miƙa masa abin jin ya saurara. Alhaji ya ture hannunsa a hankali.

"Ba ni jin yaren ga, mi zan saurara? Ta yi har jarrabawa. Bayan nan a maido ma uwarta salula."

Watan Maris ya zo da zafi da tarin aiki. Ga gyaran takardun jarrabawar gwaji na aji huɗu, ga matarsa ta haihu, ga wuta da ake ɗaukewa. Saƙonnin yara suka taru a shafin har suka haura ɗari, yana cewa gobe zai zauna ya ji su duka. Ranar wata Litinin, yana cikin darasi, ya lura Sa'adiya ta ɗago kai tana kallonsa, abin da ba ta saba ba. Duk lokacin da ya juyo daga allo sai su haɗa ido. Ya ɗauka ko akwai alli a fuskarsa, ya share da hannun riga ya ci gaba. Da aka kaɗa ƙararrawa ta ɗan jima a zaune, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

Laraba ba ta zo ba. Ummul-Khairi ta ce ciwon kai ne da zazzaɓi. Alhamis aka ce wuyanta ya sanƙare, an kai ta asibiti. Juma'a kafin a sauko daga masallaci ta rasu.

Ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Washegari Asabar ya koma gaisuwa tare da sauran malamai. Suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, wani yaro ya fito daga ciki da salula ya miƙa wa Alhaji, ya ce saƙo ya shigo kuma ba wanda ya iya karanta shi. Alhaji ya duba, ya miƙo wa Abdulhafiz.

"Ga yarenku. Mi anka ce?"

Saƙon tuni ne daga shafin. Yana gaishe da Halimatussa'adiya da fara'a, yana ce mata ba ta aiko da aikin wannan mako ba, kada ta bari a bar ta a baya. Abdulhafiz ya ɗago ya dubi Alhaji.

"Na lakkol ne, Alhaji. Na'ura ce ke aikowa da kanta. Zan tsayar da shi."

Alhaji ya karɓi salular ya sa a aljihu, ya juya ga masu shigowa.

Daga can Abdulhafiz bai wuce gida ba. Ya koma lakkol, ya buɗe ajin da ba kowa, ya zauna a teburinsa da rana tsaka. Ya kashe saƙon tunin. Sai ya ga a gaban sunanta akwai alamar saƙo ɗaya da bai buɗe ba, kwanansa tara. Tambayar makon ita ce: wane aiki kake so ka yi in ka girma? Ta yi minti uku tana bayani cikin Ingilishi, ta ce tana so ta zama mai fassara a bakin iyaka, saboda ta sha ganin 'yan kasuwar Kamba da ma'aikatan duwan, wato kwastan, suna ta ɗaga wa juna murya alhali abu ɗaya suke faɗi. Da ta gama ba ta kashe ba. Aka ji numfashinta, sannan ta koma Hausa, i'inar ta ɗan dawo.

"Mushe, na... na shirya. Ran Littanin ka kira ni in faɗi wanga gaban aji. Kada ka hwaɗa ma kowa, ka kira ni kawai kamar kowa. In na maƙale ka jira ni."

Ya saurara sau ɗaya. Bai iya sakewa ba. Ya zauna yana kallon benci na biyar har mai gadi ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Ya yi mako biyu bai sa tambaya a shafin ba, yaran ma ba su tambaya ba. Ummul-Khairi ta koma wani benci.

Bayan sadakar arba'in Alhaji Maigandi ya sake zuwa lakkol. Ya rame, kuma wannan karon da aka ba shi kujera ya zauna.

"Uwarta ta aiko ni. Ƙawarta ta ce muryarta tana wurinka. Mu hotuna muke da su, ba mu da murya. Ka san ba ta yawan magana gida." Ya gyara zama. "In ba takura, ka zo ka sa muna, ka hwaɗa muna abin da take cewa."

Ya je ranar Lahadi da hantsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Alhaji a gefensa, Kulu a bakin ƙofar ɗakinta ta ja mayafi har goshi. Sa'adiya ce 'yarta ta fari, don haka ko sunanta ba ta faɗi, kuma mutane sun ce ba a ga hawayenta ba tun ranar rasuwar. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, ta amsa da "Sai haƙuri, Mushe."

Saƙonni ashirin da biyu ne. Ya fara da na farko. Da muryar ta fito, Kulu ta ɗago kai da sauri ta dubi bayan rumbu, sannan ta dubi salular.

"Ita ta?"

"Ita ce, Inna."

"Ba ta tsayawa."

"A'a. Ba ta tsayawa."

"Tun da tah hwara magana ban taɓa jin ta yi dogon zance haka ba." Ta gyara mayafinta. "Mi take cewa?"

Ya riƙa tsayarwa yana fassarawa. Sa'adiya ta ce miyar kifin innarta ta fi ta kowa a unguwa, amma barkono yana yawa. Kulu ta ɗan yi murmushi. A wani saƙon Sa'adiya ta ce daga gidansu in ka bi ta wurin masu gishiri ka fi saurin isa kasuwa. Ta ce kakarta a Madécali tana da tinkiya mai bin mutane kamar kare. A saƙo na tara ta kwatanta mahaifinta: dogo ne, ba ya dariya a kasuwa, amma yana iya gane albasar da za ta ruɓe tun ba a buɗe buhu ba, kuma in ta maƙale a magana shi kaɗai ne a gidan ba ya ƙarasa mata kalmar. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa.

Har aka kira azahar suna nan. Suka yi salla suka dawo. Da aka kai na ashirin da ɗaya, Abdulhafiz ya riƙe salular bai danna na gaba ba. Zai iya cewa sun ƙare, ba wanda zai sani. Ya danna.

Ya fassara zancen aikin fassara da bakin iyaka. Sannan Hausar ta zo, wadda ba ta bukatar kowa ya fassara.

Alhaji ne ya fara magana, bai dube shi ba.

"Ka kira ta?"

"Ban kira ta ba."

"Don mi?"

"Ban ji saƙon ba, Alhaji. Aiki ya yi mini yawa, na bar shi. Sai bayan ta rasu na buɗe."

"Ranar nan da sabon hijabi tat tafi lakkol," in ji Kulu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ce mata ba biki ba na. Da tad dawo ba ta ci abinci ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Daga ciki aka ji kukan, marar ƙarfi, irin na wanda ya toshe baki da zane. Abdulhafiz ya so ya ce a yafe masa, kalmar ta ƙi fita. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Kwananta ya ƙare, Mushe. Ba kai kak kashe ta ba." Ya miƙe tsaye. "Ka zuba muna su cikin salular uwarta. Duka, har da na ƙarshen."

Ya zuba musu. Alhaji ya raka shi har zaure, amma bai ba shi hannu ba.

Tun daga lokacin, in Abdulhafiz ya bi ta rumfar albasa ya yi sallama, Alhaji yakan amsa ba tare da ya ɗago daga kan buhunan ba. Daga baya ya daina bi ta nan. Ya ci gaba da sa tambayar Laraba saboda jarrabawa ta matso kuma yaran suna bukata. A watan Yuni ajinsa ya yi abin kirki a ɓangaren magana, shugaban lakkol ya yaba masa a gaban malamai, ya ce badi ya koya wa sauran yadda ake amfani da shafin. Ya ce to.

Ana gab da tafiya hutu, ruwan sama ya fara sauka sosai, Ummul-Khairi ta same shi yana kwashe littattafai daga kabad.

"Mushe, Inna Kulu ta aiko ni. Kullum tana saurare in ta gama aikin rana. Ta ce akwai kalma guda da ke yawan dawowa, tana so ta san mi take nufi. Na hwaɗa mata, tac ce a'a, in tambayo Mushe."

"Wace kalma?"

"Bikos."

Ya ajiye littattafan a kan tebur.

"Ki ce mata 'saboda' ke nan."

"Haka nac ce mata." Yarinyar ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta. "Ba wani abu kuma?"

"Babu. Saboda kawai."

Ta ce to, ta tsaya a baranda ta jira ruwan ya tsagaita, sannan ta cire takalmanta ta riƙe a hannu ta bi ta cikin taɓo.