Gicciye a Rigar Ruwa

Christiana tana cikin kwance tambari na goma sha huɗu rezar ta kuɓuce ta yanke ta a babban yatsa. Ta tsotse jinin, ta goge hannun a zaninta, ta ci gaba da bin zaren. A ƙasa take zaune cikin ɗakin ajiya na ɗan asibitin mishan da ke Tungar Mainasara, ƙofa a ture. A damanta tulin rigunan ruwa ne masu ruwan goro, irin waɗanda ke hana mutum nutsewa. A hagunta kuwa fararen ƙyallaye ne da ta riga ta ciro daga ƙirjin rigunan, kowanne da jan gicciye a tsakiyarsa.

Sati uku ke nan da rigunan suka iso, guda arba'in. Sista Maritas ce ta roƙo su daga majami'ar garinsu, can ƙasar Filifin. Shekararta tara a wannan tunga tana karɓar haihuwa, tana wanke miki, tana ba yara maganin tsargiya, amma har yau rabin gari 'yar Sin suke ce mata, ta gaji da gyara musu ta bari. Christiana ce ke ɗinka wa asibitin labule da zannuwan gado, kuma da keken ɗinkin mishan take ci da kanta.

Da aka rataye rigunan a rumfar Ɗangana mai jirgi, matan majami'a suka riƙa sawa. Sauran matan kuwa, waɗanda su ne mafi yawan masu kai kifi kasuwar hayi, can ƙetaren kogi, suka duba, suka yi godiya, suka shiga jirgi haka nan. Har da Sumayya, yayar Christiana ciki ɗaya, wadda ake kira Asibi kafin ta musulunta ta auri masunci.

"Auta, ke ma kin sani," in ji Sumayya jiya da yamma, tana juya kifi a kan banda. "In zauna gaban dangin mijina da wanga abu a ƙirji? Kahin jirgi ya kai hayi labari ya kai gida, a ce Asibi ta koma coci."

Christiana ta tsaya tana kallon cikin yayarta, wata bakwai, ya turo zani gaba. Bara war haka jirgin kasuwa ya daki kututturen icce a ƙarƙashin ruwa ya tsage, sai bayan kwana uku aka tsinci Innarsu Tamada a cikin ciyawar bakin gaɓa. Yau ma ranar kasuwa ce, kuma tun asuba iska take kaɗawa daga gabas.

Ƙofa ta buɗe. Sista Maritas ta tsaya da tsumma da bokiti a hannu. Ita ta sa aka kwaso rigunan jiya don a goge su, saboda Fasto Andrew, mai kula da majami'un yankin, zai zo yau daga Yelwa ya ɗauki hotonsu a aika wa waɗanda suka bayar.

Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta ajiye bokitin a hankali.

"Christiana, mi kika yi?"

"Abin da kike gani, Sista."

"Wa ya ce ki yi?"

"Ba kowa."

Sista ta sunkuya ta ɗauki ƙyalle ɗaya, ta shimfiɗa shi a tafin hannunta. Ƙaramar mace ce, gashinta ya fara fari, kuma in ranta ya ɓaci Hausarta kan tsinke tsakiyar magana.

"Kin san su wa suka ɗinka wannan? Ba kamfani ba. Tsofaffin mata na majami'armu, da hannu. Mamata tana cikinsu. Idonta ya kusa mutuwa, sai an sa mata zare a allura. Kowace riga sun yi addu'a a kanta."

"Na ga ɗinkin," in ji Christiana. "Na san na tsofaffi ne. Shi ya sa nake bin zaren ɗaya bayan ɗaya. Duba, ban yaga ko guda ba."

"Gicciye ba abin kunya ba ne."

"Ni ma ban ji kunyarsa ba. Yana wuyana." Ta jawo siririyar sarƙarta ta nuna. "Amma sati uku, Sista. Sati uku rigunan nan suna rataye suna shan iska, Yaya tana ƙetarewa da ciki. Mamarki ta yi addu'a don a rataye su a rumfa?"

Sista ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta sa shi a aljihun farar rigarta ta fita, ko bokitin ba ta ɗauka ba.

Christiana ta ce a ranta waya Sista ta tafi yi wa Fasto. To, in ma korar ce, ta same ta a bakin ruwa. Ta ƙarasa rigar da ke hannunta, ta haɗa goma sha huɗun ta ɗaure da igiya, ta aza a kai.

Bakin ruwa ya cika da hayaniya. Ana ta jera kwandunan busasshen kifi a cikin jirgin Ɗangana, da buhunan gero, da awaki biyu masu kuka, da wani babur da aka kwantar a tsakiya. Ruwan ya yi duhu, yana marin gefen jirgin. Ɗangana, dogon tsoho mai furfura, yana tsaye a ƙarshen jirgi yana faɗa da masu lodi.

"A'a, ga tela da kayan sallah!" ya ce da ya hango ta. "Ɗiyar Tamada, yau kuma mi aka kawo muna?"

"Rigunanku ne, Baba Ɗangana. Na yi musu aski."

Ta sauke, ta kwance, ta ɗaga guda sama. Inda tambarin yake sai ɗan murabba'in da rana ba ta taɓa ba. Mata suka matso suna leƙe. Wata dattijuwa ta karɓa ta juya gaba da baya, ta shinshina, ta ce wannan kam ba ta da addini, aka fashe da dariya.

Sumayya tana zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale, kwandonta a gabanta. Ita ba ta yi dariya ba.

"Auta, Sista ta sani?"

"Ta gani."

"Ban ce ta gani ba. Ta yarda?"

Kafin Christiana ta amsa sai ga ƙarar babur. Fasto Andrew ya sauko, ya kaɗe ƙurar wandonsa, ya gai da Ɗangana da fara'a, don sun saba. Fara'ar ta ɗauke lokacin da idonsa ya faɗa kan rigar da ke hannun dattijuwar. Ya karɓa ya shafa wurin da babu komai.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba Fasto."

Ya ja ta gefe, amma a bakin ruwa babu gefe, kowa yana ji.

"Christiana, kin san abin da kika taɓa? Mutanen nan sun ce in suka ga hoto za su sake aiko ɗari biyu, har da na yara. Na yara! Yanzu me zan nuna musu? In ce mun ɓoye sunan Ubangiji don kada maƙwabta su ji haushi?"

"Ka nuna musu mata sanye da su."

"Ke za ki koya mini aikina?"

"A'a, Baba Fasto."

"To ki kwashe su ki koma ki mayar da kowane tambari inda yake, kafin azahar. In ba haka ba ki ajiye keken mishan, kuma ranar Lahadi bencin baya za ki zauna, sai dattawa sun duba maganarki."

Bencin baya na masu horo ne. A kansa wanda ya saci akuya yake zama, da wadda ta yi ciki ba aure. Ba su cin jibin Ubangiji, ba su waƙa da zumuntar mata, kowa ya shigo sai ya ratsa ta gabansu. Christiana ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fasto ba tun tana yarinya, ko a zumunta in aka ce ta yi addu'a muryarta rawa take. Yanzu ma ƙasa take kallo. Amma ba ta sunkuya ta kwashe rigunan ba.

Sumayya ce ta taso da ƙyar, hannu a ƙugu.

"Malam Fasto, ka yi haƙuri, yarinta ce. Auta, maida musu abinsu. Shekara nawa muna ƙetare ruwan ga ba riga? Ba za a ci mutuncinki a kaina ba."

Christiana ta ɗauki riga guda ta tare gabanta.

"Sa."

"Ba ni sawa. Ki rasa keke, ki ci mi?"

"Asibi."

Sumayya ta tsaya cak. Tun ranar aurenta ƙanwarta ba ta sake kiranta da wannan suna ba.

"Ke kina jego bara, ba ki ga Inna ba," in ji Christiana. "Ni na wanke ta. Da zaninta na gane ta. Ba zan sake wanke wani ba. In bencin baya ne, na zauna har in tsufa a kansa. Sa."

 Sumayya ta dubi matan dangin mijinta da ke cikin jirgi, ta dubi ƙanwarta. Sannan ta miƙa hannuwa biyu baya kamar yarinyar da za a sa wa rigar makaranta. Rigar ta ƙi haɗuwa a kan cikin. Christiana ta durƙusa ta saki maɗaurin har ƙarshe, ta ɗaure a ƙarƙashin cikin, ta ja ta gwada.

"Kin mai da ni kabewa," in ji Sumayya, tana share ido da bakin mayafi.

"Da ma kabewar ce," in ji dattijuwar nan, ta zura hannu a tata rigar. Sai mata suka fara miƙo hannu. Kafin Fasto ya buɗe baki goma sha huɗun sun ƙare, waɗanda ba su samu ba suna ƙorafi.

Ɗangana ya ja igiyar inji, ya tashi da ruri. A daidai lokacin aka ji ƙarar baro yana gangarowa. Sista Maritas ce take turo shi, gumi ya jiƙa mata baya, sauran rigunan a tule a ciki, jajayen gicciyensu suna nan.

"Yawwa, Sista," in ji Fasto Andrew. "Gara da kika zo. Kin ga abin da yarinyar nan ta yi?"

"Na gani, Fasto. Sannu da hanya."

Ta kifa wani kwando ta zauna a kai. Ta ciro ɗan almakashin da take cire zaren ɗinkin rauni da shi, ta ɗora riga a cinya, ta sa bakinsa a ƙarƙashin zaren farko. Hannunta ya ɗan tsaya. Sannan ta datse.

"Sista! Me za ki faɗa wa mutanenki?"

"Ni zan rubuta musu. Mamata ce, na san yadda ake mata magana. In sun hana ɗari biyun, laifina ne, ka rubuta haka."

"Wannan magana za ta kai hedkwata."

"Ta kai."

Ɗangana, wanda aka san ko matarsa ba ya jira in inji ya tashi, ya dubi sama inda hadari ke taruwa, ya yi tsaki, ya kashe injin. Ya ciro wuƙar gyaran taru daga ƙugunsa.

"'Yar Sin, kawo in taya ku, rana tana yi."

"A'a, Baba," in ji Sista ba tare da ta ɗago ba. "Namu ne. Mu za mu cire."

Christiana ta zauna kusa da ita a kan yashi ta ciro rezarta.  Duk ƙyallen da ya fita Sista takan karɓa ta ninke shi biyu ta sa a aljihu, har aljihun ya kumbura. Duk rigar da aka gama, hannu yana jiranta. Fasto Andrew ya ciro wayarsa, ya ɗaga, ya sauke, ya koma inuwar rumfa ya tsaya da hannuwa a baya.

Hantsi ya yi sosai kafin jirgin ya tashi. Ya ja baya, ya juya hanci, ya shiga cikin igiyar ruwa yana tashi yana faɗuwa, cike da mata sanye da riguna masu ruwan goro. Christiana ta bi guda ɗaya da ido, mai faɗin nan da ke zaune kusa da buhunan gero.

Fasto ya hau baburinsa. "Maganata tana nan, Christiana. Lahadi."

"To, Baba Fasto."

Da ƙarar baburin ta yi nisa, Sista ta kama hannun Christiana ta duba yankan da ke yatsanta, ta ce sai an wanke shi. Ba ta saki hannun ba.

"Bencin nan na baya," ta ce, "mutum nawa yake ɗauka?"

"Uku, in an matsa."

"To ki riga ni zuwa ki kama mini gefen taga. Ba na son zafi."

Christiana ta gyaɗa kai. Idonta yana kan ruwa, inda jirgin ya fara ratsa tsakanin kututturan icce.