Tsagar Kaza

Layi uku ne a kuncin Tinuke na hagu, baƙi ƙirin, a jere daga ƙasan ido zuwa gefen baki. Adigun ya tsaya a bakin ƙofa da garin katako a gashinsa, yana kallon 'yarsa mai shekara uku kamar yau ya fara ganinta. Layukan nan ya san su sarai. Su yake gani kullum a madubi, tsagar gidansu da aka yi masa tun yana jariri a nan garin Oyo.

Matarsa Morenike ce ta aika aka kira shi daga shagonsa na kafinta. Ya same ta durƙushe a gaban mahaifiyarsa, don ita ko ana tsakiyar faɗa ba ta yi wa suruka magana a tsaye. Gwiwoyin dai suna ladabi, amma idanun sun yi ja wur.

Ya zube ƙasa ya gai da tsohuwa. "Iya, me ya faru?"

"Kaza," in ji Iya, tana ci gaba da ɓarar agushi. "Waccan ja mai 'yan tsaki. Yarinya ta ɗauki ɗan tsako, uwar ta yi tsalle ta yakushe ta. Na shafa mata baƙin tukunya, jini ya tsaya. Abin da aka taso ka daga aiki a kansa ke nan."

"Baban Tinuke," Morenike ta ce, kanta a sunkuye, "kasuwa kawai na je, na bar fuska lafiya lau. Ka tambayi Iya, da me ake shafe tsaga in ana so ta zauna?"

Ba sai ya tambaya ba. Da baƙin tukunya ne.

Tun ranar suna aka yi wannan rigimar. Morenike ta ce babu mai sa wa 'yarta aska, shi ma ya goyi bayanta, don bai manta da tsokanar da ya sha a Legas ba, inda ake tambayarsa ko da damisa ya yi kokawa. Iya ta yi wata guda ba ta ɗanɗana girkin Morenike ba, daga baya ta haƙura. Ko kuma dai shi ne ya ɗauka ta haƙura.

Ya leƙa tsakar gida. Ga jar kaza can tana tonon ƙasa, ko a jikinta. Ya ƙirga yatsun ƙafarta na gaba, uku. Ya shafa kuncinsa, uku. Kansa ya ƙara kullewa.

Ya tsuguna gaban yarinyar. "Tinuke, wa ya yi miki wannan?"

"Kaza."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Iya ta riƙe ni," ta ƙara.

"Ta riƙe ki kafin kaza, ko bayan kaza?"

Tinuke ta yi nazari, sannan ta ce ita ƙosai take so.

Morenike ta miƙe ta ɗauko buta. "A wanke shi yanzu. In ya kwana a cikin fata, shi ke nan har tsufanta."

"Duk wanda ya wanke," in ji Iya a hankali, "ya ce ni maƙaryaciya ce."

Nan fa Adigun ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da ke iya duban katako ya faɗi inda zai tsage, yau ya kasa karanta fuskar uwar da ta haife shi. In ya bari, watakila 'yarsa ta tashi da tabon da ya yi wa matarsa alkawarin ba za ta taɓa ɗauka ba. In ya wanke, ya ƙaryata tsohuwa a gaban surukarta. Tsoro ya ji, ba na wasa ba.

"Iya, ba maganarki nake wankewa ba," ya ce. "Ƙafar kaza ce, kin san inda take takawa."

Ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗora Tinuke a cinya. Morenike na zuba ruwa mai tsabta a hankali, shi kuma yana goge gefen ciwon da farin ƙyalle. Yarinya ta tsala ihu, ruwan baƙi ya gangara har wuyanta. Jini ya ɗan tsattsafo, ya danne wurin da ƙyallen har ya tsaya. Sai da suka ƙarar da buta biyu kafin fatar ta fito.

Karce ne marar zurfi. Na tsakiya ya fi tsawo, na ƙasa ya karkace, ga kuma wani ɗan guntu kusa da kunne da baƙin ya ɓoye. Babu askar da ke irin wannan aikin.

Morenike ta ajiye butar. Ta sake durƙusawa, wannan karon har da idanun. "Iya, ki yafe mini. Na yi miki mummunan zato."

"Tashi, 'yata," in ji tsohuwa.

Morenike ta shafa wa ciwon man basilin, ta ce gobe za ta kai Tinuke asibiti a duba ko tana buƙatar allura, sannan ta goya ta suka shige madafa.

Adigun ya zauna kusa da uwarsa, kunya ta ishe shi. Ya ɗebi agushi ya fara taya ta ɓara. Ya so ya yi shiru, amma tambayar ta ƙi kwanciya.

"Iya, da kika shafa baƙin nan, kin san zai sa su zauna?"

"Na san yana tsayar da jini." Ta hure ɓawon da ke tafin hannunta. Sai can ta ce, "Ɗayan ma na sani. Ba ni na kira kaza ba, Adigun. Amma da na ɗago yarinyar na ga inda ta sa ƙafa, fuskar babanka na gani."

Adigun ya ajiye agushin da ke hannunsa. Bai san ko fushi ya kamata ya yi ba, ko kuka, ko kuma wa ke bin wani haƙuri a gidan nan.

Daga madafa Morenike ta ɗaga murya, cike da neman shiri. "Baban Tinuke, ka ce wa Iya tuwon amala ya sauka. Miyar da take so na yi mata."

Iya ta karkaɗe zaninta, ta riga shi tashi.